Hoton Surukai Mai Kusurwa Uku

Ni fa na leƙa elementare, shi ya sa ranar auren ɗiyata a Yelwa na ƙwace wayar daga hannun matata. Na taɓa jin cewa hoton kirki kusurwa uku ake jera shi.

Surukai za su koma Wara, jirginsu na jira a bakin kogi, hoto ɗaya suka roƙa don kakar ango. Na ɗora uban ango kan turmi, na durƙusar da kawunnan ango cikin rana, na latsa. Sai da jirgi ya tashi muka duba. Ashe wayar ni take kallo, hancina ya cika hoton.

Matata ta ce, "Malam, kusurwa ukun dai ta hito."

Har yau masunta na tare ni: "Baba, a ɗauke mu, ko hancin ya gaji?"