Yadda Ake Kunna Ƙwan Lantarki da Ruwan Duro a Gaban Suruki

Idan surukinka ya fara tambayar wace sana'a kake yi bayan shekara huɗu da auren 'yarsa, ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ƙwan lantarki zai kama a gabansa. An gwada a unguwar Nassarawo da ke Mubi, gidan Hamman mai gyaran fanka. Surukinsa Baffa Jibrilla ne ya ba shi wa'adi: ko ya nuna injin ruwan da yake ta cika baki a kansa kafin shuka, ko ya rufe shago ya koma Betso noma. Hamman kuwa ba abin da ya tsana a duniya kamar noma.

1. Ka raba injinka da fukafukai

Kowa ya san fanka da fukafukai take juyawa. Naka injin ba shi da ko ɗaya, kuma nan darajarka take. Tara tsofaffin faya-fayan sidi goma sha biyu, ka jera su a sandar ƙarfe da 'yar tazara kamar kaurin farce, ka sa su cikin bokitin fenti. Ruwa zai shigo ta gefe, ya shafe su, ya ja su. In an tambaye ka ta yaya, ka ce kimiyya ce, ka kalli sama.

2. Kada ka huda wa sandar hanya

Ciro maganaɗisu daga matattun sifikun rediyo. Ɗaya a ciki, ɗaya a waje, jikin bokiti a tsakani. Na ciki in ya juya, na waje ya bi shi, shi kuma ya juya dainamon keke. Babu yoyo. Ka ɓoye alluran matarka tun da wuri.

3. Nemo ruwa mai ƙarfi

Ba za ka samu ba. Bazara ce, mayo, wato kogin garin, ya ƙafe. Hamman ya ɗora duro a kan bulo shida ya buɗe tiyo. Faya-fayan suka zagaya sau biyu kamar kare mai neman wurin kwanciya, suka tsaya. Ƙwan ko ƙyaftawa bai yi ba.

4. Juya tunaninka

In na ciki zai juya na waje, me zai hana na waje ya juya na ciki? Jingina injin da tagar katako. A bayan tagar, cikin ɗaki, ka ɗaure wani maganaɗisun a jikin wilin keken ɗinki. Yanzu ƙafa kawai kake buƙata.

5. Lallashi mai ƙafar

Aisatu matar Hamman ta kalle shi. "Baban nawa za mu yi wa wannan?"

"Minti biyar kawai. In an kai ni Betso, ke ma kin tafi."

Ta amince, don tana son Mubi, tana kuma son wawan mijinta, ko da yake na biyun ba ta faɗa ba.

6. Karɓi baƙo

Da azahar Baffa ya sauka daga mashin. Ka yi wa ƙwan rumfa da buhu don a ga haskensa, ka buɗe tiyo, ka yi tari sau biyu don mai ƙafar ta fara taka keke. Hamman ya yi tari, faya-fayai suka ɗau gudu, ƙwan ya kama ja-wur. Baffa ya zagaya injin, ya taɓa ruwan, ya ce, "Wannan wuta ya yi kyau."

7. Kada ka ba shi tabarma

Nan Hamman ya yi kuskure, ladabi ya cuce shi. Baffa ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya shiga labarin shanun da aka kai kasuwar Laraba, ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar ta zama arba'in. Duro ya ƙare tun yana kan bijimi na uku, tiyo ya daina ko ɗiga, amma ƙwan yana nan yana ci. Hamman ya yi ta tari don ta tsaya har maƙogwaronsa ya bushe. Aisatu ta ɗauka cewa yake ta ƙara wuta, ta ƙara.

Baffa ya dubi busasshen tiyo, ya dubi ƙwan. Sannan ya ɗaga murya. "Aisatu, fito ki ga aikin mijinki."

Ƙwan ya mutu. Ta fito sharkaf da gumi tana ɗingishi, ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, ruwan ne ya ƙare."

Tsohon ya kalli ƙafafunta da suka kumbura. Bai yi faɗa ba, kuma Hamman ya fi son a ce ya zage shi.

"Hamman, ran Asabar zan turo mashin. Ke Aisatu ki zauna kan ɗinkinki a nan. Gidan nan mutum ɗaya ne yake aiki, ba zan ɗauke shi ba."

Sanarwa

Na yi alkawarin ƙwai zai kama, ya kuma kama. Abin da ya biyo baya, da kumburin ƙafa, da ciwon baya, da tafin hannun da ya yi kanta, babu ruwan marubuci. Ni maƙwabci ne kawai da ya ba da shawara. Wanda ya bi ta Betso ya ga wani a sunkuye cikin gonar gyaɗa, ya gaishe shi da aiki, amma kada ya gaya masa inda na mayar da shagona.