Motar Gajeru a Gidan Dogaye

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na tuƙa motar gidanmu zuwa garin Dapaong ba.

Bari in fara da gaskiya: mu gidanmu a Zongon Sokodé gajeru ne, kaf ɗinmu. Ni ne dogon gidan (ni ɗin ma sai na taka kujera nake canja ƙwan lantarki).

Babanmu ya rasu ya bar tsohuwar motarsa a gindin mangwaro. Wata damina iska ta karyo reshe, ya lotsa rufin. Masu sayen tsohon ƙarfe suka fara zarya, Inna ta ce motar mijinta ba za ta hau sikeli ba tana raye. Sai ni, sarkin dabara, na ce a yanke ginshiƙan da suka lanƙwashe, a sauko da rufin ƙasa a liƙe. A waya na gani, wai har gayu ne.

Aiki ya zama na gida. Yaya Sule mai walda ya kawo injinsa, ƙannena mata suka kankare tsatsa, Kawu Bawa ya kafa benci yana ba da umarnin da ba mai bi. Kafin a liƙe, kowa ya shiga ya gwada. Inna ta zauna da ɗaurin kallabinta, ta shafa sama, ta ce, "Kai, har da sauran wuri!" Muka tafa. Rabon da mu ga dariyarta haka tun rasuwar Baba.

To, a lokacin ina neman auren Rakiya, 'yar Dapaong. Mahaifinta, Alhaji Isufu dillalin shanu, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni na dage a je tambaya da motar, don ya san mu ma gidan mutunci ne. Rakiya doguwa ce, na sani. Me ya hana ni tambayar kaina inda ta gado tsawon? Oho!

Muka isa ranar Juma'a. Su Kawu suka shiga wajen manya, ni na tsaya waje ina goge gilashi. Da aka kira salla sai na ji muryar Kawu: "Alhaji, ga mota, yaronka ya kai ka masallaci."

Alhaji ya fito. Jama'a, mutumin nan sai da ya sunkuya a ƙofar zaurensa!

Ya dubi motar, ya dube ni. Ya sa kai, hula ta faɗi. Ya sa ƙafa, ya naɗe, ya ƙara naɗewa, har haɓarsa ta sauka kan gwiwa. Kawu (Allah ya shirye shi) ya ce, "Ikon Allah! A gidanmu kuwa ta yi wa kowa daidai."

Hanyar kuma ta bakin kasuwa ta bi. Mahauta da 'yan acaɓa suna ta "Alhaji, barka da Juma'a!", shi kuwa yana amsawa daga tsakanin gwiwoyinsa. Wani ya leƙo ya tambaya ko asibiti za mu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

A ƙofar masallaci sai da mutum biyu suka zaro shi, wuyansa a karkace. Na zube ƙasa, hularsa a hannuna, na riga na yi ban kwana da Rakiya a zuciyata.

"Yaro," in ji shi, yana murza wuya, "wa ya auna rufin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Da kan wa?"

"Da na Innarmu. Motar marigayi ce, ta hana a sayar."

Ya karɓi hular, ya kaɗe ta.

"A garin nan suruki ke durƙusa mini. Kai ne na farko da ya durƙusar da ni, a gaban mahauta kuma." Sai ya fashe da dariya, wuyan bai miƙe ba. "Wanda ya lallaɓa zuciyar uwarsa zai lallaɓa ta 'yata. Na ba ka. Amma ka je ka auna ƙofar ɗakinka, ba da kanka ba."

A bas aka kawo amarya. Motar na nan, Inna ce ke hakimcewa a gaba. Ni dai na koyi abu guda: in za ka yanke wani abu, nemi wanda ba ɗan gidanku ba ya gwada tukuna. Ƙofar ɗakin ma, sai da muka fasa ta.