Cindo da Wutar da Ba Ta Ƙuna

Ruwayoyi uku na ji a kan wannan lamari, amma ta Iya Ladi na amince da ita, domin a gabanta aka yi komai, kuma sau biyu na tambaye ta ba ta sauya kalma ba.

Cindo ƙanenta ne. Tun da gobara ta cinye ɗakinsa ba shi da mafaka sai gidan mijinta, Malam Barau, kuma ko ashana aka ƙyasta sai jikinsa ya hau ɓari. Malam Barau tsohon malamin kimiyya ne, yana ɗebe kewa da haɗa ƙananan ƙwayayen lantarki da ake sayowa a shirye: wasu na ƙiftawa da kansu, wasu na rawa kamar harshen kyandir.

Wata rana ya jona wata jar ƙwaya mai ƙiftawa, ya ce Cindo ya zuba mata ido har ta tsaya, shi kuma ya tafi kasuwa. Ita kuwa ba ta tsayawa. Da la'asar aka tarar da shi idanu na hawaye, awaki sun cinye waken da aka shanya.

Wata rana aka kunna mai rawar kyandir. Cindo ya ga gobara ta biyo shi, ya sheƙa mata ruwan buta, aikin mako biyu ya lalace. Malam Barau ya kama yatsansa ya ɗora a kan wata ƙwayar da ke kunne.

"Ka ji zafi?"

"A'a, Yaya."

"To, abin da ka taɓa ka ji zafi, shi za ka fitar waje."

Washegari ya fitar da tukunyar tuwo, sannan butar shayi. Malam Barau ya rantse in ya sake taɓa wani abu, ya bar gidan.

Ranar Talata da hantsi, Cindo na shara, hannunsa ya gogi tsohon batirin waya da ke ciyar da ƙwayayen. Zafi zau. Ya tsaya yana tunani: in ya ɗauka a kore shi, in ya bari ya saɓa umarnin farko. Ya finciko shi da gefen riga ya jefa a yashin tsakar gida. Batirin ya kumbura, ya fashe, wuta ta tashi har ƙugu. Da a ɗaki ne, labule da katifa na kusa.

Cindo ya durƙusa. "Yaya, in tattara kayana?"

Malam Barau ya dubi baƙin yashin. "Ba inda za ka. Je ka taɓa sauran kayan lantarkin," in ji shi.

Waɗanda suka shaida: Iya Ladi, Malam Barau, Jatau mai ga-ruwa, da Asabe maƙwabciya.