Dinarin Kaisar na Moss Side

Ba kowace al'umma Allah yake yi wa baiwar mutum irin Dattijo Gamaliel ba. Hausawan Manchester sun yi dace. Shekarun aikinsa ya kwashe su yana manna wa motoci takardar tara a madadin council, wato hukumar gari, kuma a nan ne, in ji shi, ya koyi mulkin al'ummai. Tun da ya yi ritaya ba a ganinsa sai cikin kwat da laktaye, irin shigar hedimastocin mishan na da, sai dai su suna da makaranta. Matasan coci suna kiransa Kaisar na Moss Side, wato sarkin Roma na unguwarsu. Ya ji, ya ɗauka naɗi ne.

Sunan ya samo asali daga wani dinarin azurfa na Romawa da ya saya a shagon kayan tarihi. Bai fi maɓallin riga girma ba. A jikinsa akwai hoton mutumin tsohuwar daular Fartiya a durƙushe, yana miƙa tuta. Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi a bas sai ya sha darasi: Fartiyawa sun taɓa cin Roma da yaƙi a gabas, suka ƙwace tutocinta, daga baya Kaisar Augustas ya karɓo su da lallashi, ba da takobi ba.

"Amma dubi abin da ya buga a kuɗi," in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Diflomasiyya ke nan, ɗana. Mu kaɗan ne muka gaje ta."

Sai ga dama ta zo. Tulunan kiɗa na zumuntar matan cocinsu, waɗanda aka ɗauko daga Zonkwa a cinya cikin jirgi, suna Birmingham tun wani taron haɗin gwiwa da ya watse da rigima kan wa zai fara waƙa. Mama Turai, shugabar matan can, ta kulle su a gidanta. Kirsimeti yana matsowa, matan Manchester suna ta dukan bokitin roba.

Kaisar ya hau bas shi kaɗai zuwa gabas, ko da yake Birmingham kudu take. Ya dawo ya sanar cewa abokan gaba sun miƙa wuya, za su kawo tulunan da kansu ranar Lahadi. Yadda aka yi, ya ce sirrin gwamnati ne.

Washegari ya je unguwar Cheetham Hill wurin masu buga lambobin yabo na 'yan ƙwallo, ya sa aka buga masa lambobin gwangwani masu ƙyalli. Gefe ɗaya fuskarsa, an rage mata haɓa. Ɗaya gefen wata mace da ɗankwali, gwiwa a ƙasa, tana miƙa tulu.

Ranar Lahadi aka raba wa kowa a bakin ƙofar coci, har da Mama Turai. Ta sa tabarau, ta juya lambar, ta sake juyawa, ta ce wa direbanta kada ya sauke komai. A natse ta shaida wa jama'a cewa tun da aka yi mata aiki a gwiwa ba ta durƙusa wa kowa ba, likitanta shaida ne, kuma gwiwa ɗaya ce ta san laushin kafet ɗin falonta a makon jiya.

"Baba Gamaliel, yadda ka yi a can, yi a nan. In ba haka ba, mota ta juya."

Ya dubi matan zumunta ko zai sami mai ceto. Matarsa Alice ce a gaba, rungume da bokiti, ta yi masa nuni da ƙasa.

Kaisar ya ɗaga wandonsa kaɗan don kada kari ya lalace, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti. Aka sauke tuluna. Kafin a gama waƙar farko, hotonsa ya kai unguwar Sparkbrook ta Birmingham, ya kai Zonkwa.

Har yau yana ba da darasinsa a bas, da ƙarin magana guda: Augustas ya yi sa'a, a zamaninsa Fartiyawa ba su da waya.