Ranar da Na Hau Sarautar Fotugal a Mohandessin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa wa kaina sarautar Fotugal ba. A 2014 ne, maigidana yana karatu a Alƙahira, muna haya a unguwar Faisal. Zaman gida ya ishe ni, sai wata maƙwabciyata ta samo mini aikin shara da goge-goge a unguwar Mohandessin, gidan wata tsohuwa 'yar Fotugal da mijinta Bamasare ya rasu ya bari. Madam nake ce mata.

Akwai ɗaki ɗaya a gidan da jinina bai taɓa haɗuwa da shi ba. Kullum labule a sake, ga warin tsohon katako. Bangon cike yake da hotunan sarakunan ƙasarsu, idanunsu na bin mutum duk inda ya juya. A tsakiya, bisa jan matashi, ga kambin sarauta.

"Kwafi ne, ya binti," in ji Madam da Larabcinta mai gargada. "Na gasken yana Lisbon. Sarakunanmu ma ba sa sa shi. Tun zamanin da wani sarki ya sadaukar da shi ga Nana Maryam, sai dai a ajiye shi gefen sarki, har sarautar ta ƙare. Ki kakkaɓe matashin, kar ki taɓa kambin."

Na ce tamam. (Duk wanda ya san ni ya san tamam ɗina ba ta wuce sati biyu.)

Wata Talata da azahar na zo na tarar Madam ta tafi asibiti, ta bar mini makulli wurin Ammu Ragab mai gadi. Ina shiga ɗakin aka ɗauke wuta, yadda aka saba a bazarar nan. Hasken da ya rage siriri ne daga tsakanin labule, kuma a kan kambin ya sauka.

Na ajiye tsumma. Na ɗauka. Na ɗora bisa ɗankwalina, na danna da kyau.

Da a nan na tsaya da sauƙi. A'a, sai da na yi taku ɗaiɗai gaban madubi, na ɗaga wa hotunan hannu, na ce, "Ku zauna, na yafe muku." Na umarta a kamo mini direban da ya zage ni da safe. Har kirari na yi wa kaina.

Sai na ji ƙas. Ƙas. Kamar ana jan carbi.

Na yi tsit, ƙarar ma ta yi tsit. Cikin madubi na hango kujerar da ke lungu, wadda na ɗauka farin zane aka lulluɓa mata. Zanen ya motsa. Ya miƙe tsaye. Farin gashi har kafaɗa, farar riga har ƙasa, fuska sak irin ta mutanen bango. Ta nufo ni, ba ƙarar tafiya ko kaɗan. Da ta zo bayana sai ta kama gefen rigarta, ta durƙusa a hankali, ta faɗi wata magana da murya kamar ta fito daga rijiya.

Na buɗe baki zan ja Ayatul Kursiyyu, sai na ji addu'ar cin abinci nake yi. Na fizgi kambin, ya ƙi. Ya sarƙe da ɗankwali da kitsona. Wallahi a raina na gama yarda sun riƙe ni ke nan.

Bene huɗu na sauko ba takalmi, ina ihu. Ammu Ragab ya ga baƙar mace ta fito a guje da zinariya a ka, ya yi abin da ya dace, ya cafke ni. "Haramiyya!" Wato ɓarauniya. Kafin in numfasa mutane sun taru, wani har ya fara kiran 'yan sanda. Na tuna takardar izinin zamana, na tuna karatun maigidana, ina ta nuna sama ina cewa aljana.

Tasin Madam ce ta cece ni. Madam ta fito, ta dube ni, ta ɗaga kai. Aljanata na tsaye a baranda tana dariya har da riƙe ciki.

"Yayata ce," in ji Madam. "Shekaranjiya ta zo daga Lisbon. A ɗakin take addu'a, ya fi sanyi."

Wato tun shigata tana zaune. Takun, kirarin, komai a idonta.

Da almakashi Madam ta raba ni da sarauta, kitso biyu suka tafi. Tana yanka na tambaye ta me yayar ta ce da ta durƙusa. 

"Cewa ta yi: ranki ya daɗe, mun daɗe muna jiranki."

Ba a kore ni ba, amma da korar ta fi sauƙi. Wata biyu tsohuwar ta yi a gidan, kuma duk sanda na shigo da bokiti sai ta tashi ta durƙusa.

Tun daga ranar, duk ɗakin da zan shiga sai na yi sallama na jira amsa, ko da ɗakin ajiye tsintsiya ne.