Ranar da na yi wa dodo laminatin

Ina shekarar ƙarshe a jami'a lokacin da Yaya Sani, wani injiniya a kamfanin Sterling da muke wasan dodanni da jarumai a teburinsa duk Asabar, ya ba ni aron tsohon littafin wasan da ya fi ji da shi. Ni kaɗai ya yarda da ni, don ban taɓa lanƙwasa shafi ba.

Bangon ne ya tafi da hankalina: koren dodo ya nannaɗe hasumiya, wani ɗan jarumi a ƙasa riƙe da fitila. Sai na lura gefensa ya fara cinyewa. A gidanmu kuwa duk takarda mai daraja laminatin ake yi mata, wato a manne ta cikin roba, har katin rigakafina. Na cire bangon a hankali na kai shago, ina jin kaina mai ceton tarihi.

Ranar Asabar na miƙa masa da hannu biyu, ina jiran godiya. Bangon ya sandare kamar faranti, ga kumfar iska daidai hancin dodon.

Ya daɗe yana kallo. “Ƙanena, wa ya aike ka? Masu tara irin wannan ko da yatsa ba sa taɓawa.”

“Yaya, ai yanzu ko ruwa ba zai shige shi ba.”

Bai kore ni daga teburin ba, amma aro ya ƙare. Bara matarsa ta haihu, na je barka. Ina sallama ya ce, “Hajiya, ɓoye jaririn, ga mai laminatin nan.”