Yadda Za Ka Gyara Tsohuwar Motar Mahaifinka Ba Tare da Ka Taɓa Gamawa Ba

Idan mahaifinka ya rasu ya bar tsohuwar motar tsere mai kujera biyu a gareji, 'yan uwanka kuma sun ce a sayar a raba, kai ko zuciyarka ta ƙi, to ka zo inda ya dace. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari motar za ta yi shekara da shekaru a inda take, ana ma yi maka sannu da ƙoƙari. An gwada hanyar. Wanda ya gwada ta wani malamin lissafi ne da kowa ke kira Auta, ko da yake furfura ta soma leƙo masa a gemu. Da labarinsa za mu yi darasi.

Mataki na 1: Kai za ka fara cewa a sayar

Kada ka kuskura a ga ƙauna a fuskarka. Wanda aka gane yana son abu, shi ake fara raba shi da shi.

Ranar da aka zauna kan maganar gado, Yaya ce ta ja zaman. Ita ce babbarsu, shugabar ma'aikatan jinya ce a wani asibiti, irin matan da in suka ce a sha magani, likita ma yakan waiga ya ga ko da shi ake. Tana kawowa kan mota Auta ya riga ta.

"Ni ma sayarwar nake so, Yaya. Amma a haka? Ko masu sayen ƙarfe sai sun ja mana rai. A bar ni in tashe ta tukuna, darajarta ta dawo."

"Zai ɗauki wane lokaci?"

"Ba zai daɗe ba."

Ka haddace amsar nan. Ba ta da rana, ba ta da wata, kuma ba ta lalacewa ko an ajiye ta shekaru.

Mataki na 2: Ka kwance, kada ka ɗaura

Motar da ke tsaye kan tayoyinta, kowa gani yake gobe za a iya tura ta kasuwa. Saboda haka ka ɗaga ta kan jak, ka cire tayoyin, ka kwance bamba da fitilu da salansa. Ka shimfiɗa tampol ka jera su kamar kayan tiyata. Notuna kuma ka zuba su a kwalabe. Ɗan uwan da ya leƙo ya ga kwalaben notuna ba ya tambaya ta biyu, tsoro yake kada a ce ya riƙe wani abu.

Amma ka san abin da za ka kwance. Auta bai taɓa komai da hannun Baba ya saba da shi ba. Motar koriya ce, mai dogon hanci, gajeriya har sai ka durƙusa za ka shiga, rufinta na tampol ne da ake naɗewa baya. A saman ƙofar direba fentin ya koɗe daidai inda Baba ke ɗora gwiwar hannu. Sitiyarin katako ne, ya yi duhu a wurare biyu. Fatar kujerar ta lotsa da siffar bayan mutum ɗaya. Waɗannan duk Auta ya ce sai a ƙarshe.

Duk abin da ba ka so a taɓa, ka ce sai a ƙarshe.

Mataki na 3: Ka koyi yaren masu tara tsofaffin motoci

Mutanen nan suna da kalma guda da ta fi sifana amfani: asali. Kowane ƙarfe sai na asali, na shekarar da aka ƙera motar, daga kamfanin da ya daɗe da rufewa. Ka nemo wani dattijo a wata ƙasa mai nisa da ke sayar da irin kayan, zai fi kyau idan ba ya son amsa waya. In kayan sun ƙi zuwa, ka yi tsaki. In sun zo, ka juya su a hannu, ka girgiza kai, ka ce na shekarar da ta biyo baya ne.

Ka kula da masu son taimako, su ne haɗari. Mijin Yaya mutum ne mai kirki da ba ya iya ganin aiki a tsaye. Wata rana ya shigo da sabon madubin gefe daga kasuwa, yana ta murmushi.

"Ga gudummawata, Auta. Sai ƙyalli yake."

Auta ya karɓa da yatsu biyu, kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Allah ya saka da alheri. Sai dai in muka ɗaura wannan, masu saye za su ce mun yi mata haƙorin roba."

Mijin Yaya ya koma da madubinsa yana ba da haƙuri. Haka ake so. Mai kawo taimako ya tafi yana jin shi ya yi laifi.

Mataki na 4: Kada baƙin mai ya bar farcenka

Kowace Asabar ka shiga gareji da tsohuwar riga, ka ja ƙofa. Lokaci-lokaci ka saki sifana a ƙasa don na cikin gida su ji. In za ka fito ka shafa mai a goshi. Matarka za ta gane, mata sukan gane, amma in ka yi sa'a irin ta Auta, shayi kawai za ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, "A gai da injiniya."

Abin da za ka yi a ciki kuwa, ruwanka. Auta kujerar fasinja yake shiga ya zauna. Ta direba bai taɓa zama a kai ba. Baba mutum ne da ba ya hira a gida, gaisuwa ma a taƙaice yake amsawa. Amma da ya naɗe rufin motar nan suka hau titi, sai bakinsa ya buɗe: labarin ƙuruciyarsa, da yadda ya fara ganin mahaifiyarsu a layin sayen tikiti ya manta inda za shi, da abubuwan da yake tsoro. Duk abin da Auta ya sani game da mahaifinsa, a kujerar nan ya ji shi, yana yaro, ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Akwai mutanen da ba sa iya cewa suna ƙaunarka sai idonsu na kan hanya, kuma idan irin wannan mutum ya tafi, ba kabarinsa kaɗai ake ziyarta ba.

Ka yi haƙuri, mai karatu. Mu koma kan aiki.

Mataki na 5: Ka gyara injin da gaske, amma a ɓoye

Injin da ya daɗe bai tashi ba mutuwa yake yi, kai kuma ba gawa kake son ajiyewa ba. Don haka ka wanke kafireto, ka canza fulogai, ka toshe yoyon lagireto. Ranar da gida ba kowa ka tashe ta, ka bar ta ta yi ɗumi, ka saurara. In ka kashe, ka zare wayar da ke kai wuta ga fulogai, ka bar ta tana lilo a gefe. Duk wanda ya murɗa makulli zai ji tari kawai.

Auta ya yi haka har yaransa suka tashi suna zaton aikin kowane uba ne ranar Asabar.

Mataki na 6: Kada ka bari a ɗauki hoto

A nan Auta ya yi sake. Mijin Yaya, da ya ga an hana shi kawo madubi, sai ya ɗauki hoton motar ya tura wa wani abokin aikinsa, shi ma ya tura gaba. Ba a jima ba Yaya ta kira ta ce akwai mai son gani, kuma da ita za a zo.

Mutumin ya zo da farar safar hannu da 'yar tocila. Bai cika magana ba. Ya zagaya motar a hankali, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya duba lambar inji ya gwada da ta jikin mota. Da ya iso ƙofar direba ya daɗe a tsaye.

"An taɓa yi mata fenti?"

Auta ya ga dama ta samu. "Ko kusa, ranka ya daɗe. Aiki na nan jibge. Fenti, kujeru, sitiyari, duk ba a fara ba. Ni a ganina ka dawo nan da wasu shekaru."

"Kada ka fara."

"Na'am?"

"Waɗanda aka gyara sun cika kasuwa, Malam. Kowa ya samu tsohuwar mota sai ya kankare ta ya mayar da ita amarya, ya zubar da rabin kuɗinta a wurin mai fenti. Wadda ba a taɓa ba ita muke nema, ita ce ba a samu." Ya nuna koɗewar saman ƙofar, bai taɓa ba. "Wannan ba a sayar da shi a kanti. Wa ya ba ka shawarar ka bar ta haka?"

"Ƙanena ne, ya san kan abin," in ji Yaya, tana kallon Auta.

Mutumin ya faɗi abin da zai biya. Ba zan maimaita ba, sai dai mijin Yaya ya nemi wuri ya zauna a kan tsohon batir. Sannan mai safar hannun ya ɗaga murfin inji, ya haska tocila, ya ga wayar nan tana lilo. Ya mayar da ita wurinta kamar mai gyara wa yaro maɓallin riga, ya miƙa hannu ta taga ya murɗa makulli.

Bugu ɗaya ta tashi. Ƙara mai kauri, mai santsi, ta injin da bai taɓa rasa kulawa ba. Kwalaben notuna suka ɗauki rawa a kan kanta.

Yaya ta jira har aka kashe.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Kafin a haifi ƙaramar 'yarka ko bayan?"

Yarinyar tana aji uku a lokacin. Auta ya dubi ƙasa. "Kafin."

"Hakkin mutane ne, ka sani. Ba naka kai kaɗai ba."

"Na sani, Yaya."

Mataki na 7: Idan komai ya ƙi, ka lalata ta

Tunda rashin taɓawa ne darajarta, maganin a fili yake. Ka sayi gwangwanin fentin feshi, ja zai fi, ka bi ƙofar direba da shi daga sama har ƙasa. Kafin ya bushe mai saye ya janye, farashi ya faɗi, a koma jiran gyara. Ta fuskar lissafi babu inda matakin nan ya gaza.

Auta malamin lissafi ne, ya gane haka tun baƙin ba su kai bakin titi ba. Washegari da safe ya sayo gwangwanin. Ya tsaya gaban ƙofar ya girgiza shi, ƙwallon ciki na ƙara, ya cire murfi, ya saita daidai wurin gwiwar hannun. Ya tsaya a haka har hannunsa ya gaji. Daga baya matarsa ta ga an fesa wa kwandon shara ja, ba ta tambaya ba.

Matakin yana aiki. Ban dai taɓa ganin wanda ya iya shi ba.

Mataki na 8: Ranar ɗauka, ka ɗaura tayoyin da kanka

Kada ka bar wa baƙo. Auta ya mayar da komai wurinsa, bamba da fitilu da salansa, cikin yini guda, abin da ya sa mijin Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa.

Mai safar hannu ya zo da babbar motar ɗaukar motoci. Yana ta kwantar wa Auta hankali: inda zai ajiye ta ɗaki ne mai sanyi, ba ƙura, ba rana, za a kewaye ta da igiya. Ba za ta ƙara hawa titi ba, domin duk tafiyar da mitarta ta ƙirga ragi ne a darajarta.

An fara sauko da sarƙar ja ke nan Yaya ta iso, daga wurin aiki, da fararen kayanta.

"A mayar da sarƙar nan. Ƙanena zai tuƙa ta ya kai maka."

"Hajiya, kowace kilomita fa..."

"Ka cire a kasona."

Ta buɗe ƙofar fasinja, ta durƙusa da ƙyar ta shiga, ta ɗora jakarta a cinya. Auta ya tsaya yana kallonta.

"Kujera biyu ce," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Tun ba a haife ka ba ni ke buɗe masa get in rufe. Da ka zo kuma ka samu wuri. Shiga mana, rana na yi."

Auta ya zauna a kujerar direba. Ta yi masa nisa da totur, Baba dogo ne, amma bai matso da ita ba, ya miƙe ƙafa. Mijin Yaya ya buɗe get.

Suka hau titi, rufi a naɗe, Yaya ta danne mayafinta da hannu ɗaya. Babbar motar na biye da su ba komai a bayanta, mai safar hannu na gaba kusa da direba, yana kallon dukiyarsa tana raguwa. Da suka kai shataletalen da za a karya dama zuwa gidan mai sayen, Auta ya sa sigina.

"Miƙe," in ji Yaya.

"Nan ne kwanar, Yaya."

"Na gani. Ashe iyakar gudunta ke nan?"

Ba iyakarta ke nan ba. Sai da rana ta yi sanyi suka kai ta.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin shekaru, kuma an samu shekaru. Bai ce har abada ba. Babu ruwansa idan motarka ta yi tsada saboda ka ƙi gyara ta, ko mijin yayarka ya mallaki waya mai kyamara, ko yayarka ta fi ka sanin abin da kake yi a gareji tun farko. Haka kuma ba ya karɓar ƙorafi daga duk wanda ya wayi gari ranar Asabar, ya sa tsohuwar riga, ya isa ƙofar gareji kafin ya tuna.